Makokin Angon da Ban Taɓa Gani Ba

Litinin, 6 ga Maris 1989, bayan la'asar

Rahmatu ta dawo aiki yau. Tun makon jiya ta tafi Soba, an yi musu rasuwa. Mun tare ta a zaure, ni da Uwani da Binta. Na ce wa ya rasu, ta ce yaro ne da ke hannun yayarta Aishatu. Na ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba yayarki haƙuri. Ta ce amin. Ta ɗaura zanen aiki ta nufi turminta.

A gidan nan namu na Unguwar Shanu tun ina da haƙorana duka nake matsar man gyaɗa. Yanzu ƙugu ya ƙi, sai matan nan uku ke yi, ni kuwa ina zaune ina tsintar gyaɗa ina sa musu baki. Jikana Abdurrahim, tun da aka rage su a ofis, shi ke sayo gyaɗa, shi ke kai mai da ƙuli wurin masu saye. Wai a riƙa ce masa manaja. Na ce ni dai angona na sani, wanda na goya har ya yi min fitsari a sabon zane ranar Sallah. Littafin nan ma cikin tarkacen ofishinsu na tsince shi, na ce yaƙi da jahilcin da na yi ba zai tafi a banza ba.

Azumi saura wata guda. Masu ƙosai na Hayin Banki da masu tsire na Kawo duk sun ce a tanadar musu. Manaja sai zirga-zirga yake kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Man Rahmatu bai fita sosai ba yau. Gajiyar mota ce.

Laraba, 8 ga Maris, da azahar

Matsar mai ba ƙarfi ba ne kawai. In an dawo da ƙullin gyaɗa daga inji an zuba a turmi, ruwan zafi ake ɗigawa kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya, ido yana kan ƙullin. In ya fara ƙyalli sai a dakata da ruwa. A cikin su ukun babu mai hannun Rahmatu. Yau kuwa ina kallonta ta ɗauki moɗa cike ta juye gaba ɗaya. Ƙulli ya koma kunu.

Uwani ta ce, "Iya, wallahi wani ya shigo da ido gidan nan."

Na ce, "Duk gidan nan wa ya kai ki ido, Bakanuwa? Ke da kike ganin nama ta cikin murfin tukunya."

Ta ce, "Mu dai ba mu zo Kaduna da ƙwarya ɗaya kamar Zazzagawa ba."

Binta ta yi dariya har tana riƙe ciki. Rahmatu tana tsaye da taɓarya a hannu tana kallon turmin, kamar wani ne ya ɓata mata.

Alhamis, da yamma

Yau ma haka.

Asabar, 11 ga Maris, da hantsi

Ba ta cin abinci. Binta ta zuba mata ɗanwake, ta juya shi ta juya ta rufe. Sau biyu tana zagayawa bayan ɗakin gyaɗa, ta jima, ta dawo tana goge fuska wai hayaƙi ne. Ni ba yarinya ba ce. Na haifa, na karɓi haihuwa. Na san abin da ke sa mace ta ƙi ɗanwake da man gyaɗa sabon matsa.

'Ya'yanta uku duk mata ne, kuma tun da aka rufe sashensu a masaƙa mijinta Malam Dauda yake zaune a Badarawa, sai ɗan gadi in ya samu. Da wannan turmin ake cin tuwo a gidan. To amma rabo in ya zo ba ya tambayar aljihu.

Sulaiman mai tsire ya zo ɗaukar ƙuli. Binta ta ƙwala, "Ga Sule nan ya zo!" Sai moɗa ta suɓuce wa Rahmatu. Ita dama ba ta faɗin sunan nan, Mai Yaji take ce masa. Mun daɗe da yanke cewa sunan surukinta ne.

Litinin, 13 ga Maris, bayan la'asar

Na sa an sayo min tsamiya da goruba, na ƙulle a leda. Da suka zauna cin abinci na miƙa mata a gaban kowa. Na ce, "Ungo, 'yar nan, ki daina wahalar da mu. Mun gano. Allah dai ya sa namiji ne wannan karon, don na gaji da angon nan nawa mai yawan lissafi. Ki haifo min sabo, ni zan raɗa masa suna."

Uwani ta rangaɗa guɗa. Binta ta fara tafi.

Rahmatu ba ta yi dariya ba. Ba ta yi fushi ba kuma. Ta karɓi ledar da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Iya." Fuskarta ta yi wani irin fari kamar an shafa toka. Ta tashi ta koma turmi tun ba a gama ci ba.

Na sha zolayar mutane a duniya, na san yadda zolaya ke sauka in ta sauka daidai. Wannan ba ta sauka daidai ba. Ban san inda ta faɗa ba.

Talata, da safe

Ledar tana nan kan taga inda ta ajiye.

Alhamis, 16 ga Maris, bayan magariba

Abdurrahim ya zauna kusa da ni yana murza hula. In yana murza hula akwai magana.

Ya ce, "Tsohuwa, ƙulli na uku ke nan ya lalace. Masu ƙosai sun fara cewa in ba za mu iya ba su nemi wani gidan tun da wuri. Uwani ta ce ƙanwarta Maimuna ta iya aikin."

Na ce, "To ka ƙara ta mana."

Ya ce, "Ba ƙari nake nufi ba."

Ba mugu ba ne yaron nan. Shi ma an taɓa kiransa ofis an ce ya ajiye makulli, ya dawo gida ya kwanta kwana da kwanaki yana kallon rufi. Ya san ɗacin abin. Amma in masu saye suka watse kafin azumi, ba Rahmatu kaɗai za ta zauna a gida ba, har Uwani da Binta.

Na ce, "Juna biyu gare ta, ka yi mata uzuri."

Ya ce, "Ita ta gaya miki?"

Na ce, "Sai an gaya min?"

Ya ce ba zai sallami matar aure a tsakar gida kamar 'yar talla ba. Zai je ya sami mijinta ranar Lahadi su yi magana ta mutunci, ta huta har bayan Sallah, in ya so a gani. Ni da shi duk mun san abin da a gani ke nufi.

Juma'a

Zafi. Ko kaji sun buɗe baki. Rahmatu ta share tsakar gida sau uku ba wanda ya sa ta.

Lahadi, 19 ga Maris, bayan la'asar

Ya dawo daga Badarawa. Bai shiga ɗakinsa ba, bai nemi abinci ba, ya zauna a bakin ƙofata a ƙasa da fararen kayansa.

Na ce, "Ango, an ƙwace maka mashin ne?"

Ya ce, "Tsohuwa, yaron nan da ya rasu a Soba. Ba na yayarta ba ne."

Ya ce ya fara yi wa Malam Dauda bayani, mutumin yana ta wasa da carbi, kansa a ƙasa. Can ya ce, "Malam Abdurrahim, a ƙara haƙuri da ita. Yaron na wajenmu ne. Shi ne na fari." Daga nan bai ƙara ba. Maƙwabcinsu ne ya rako Abdurrahim bakin titi ya cika masa sauran. Tun da aka yaye shi aka ba yayar, don ita Allah bai ba ta ba. Ya kai shekara goma sha huɗu. Ciwon zafin nan ne da ake ta faɗa a ƙauyuka, ba zan rubuta sunansa a littafina ba. Kafin saƙo ya iso Kaduna an riga an kai shi.

Ɗan fari. Wanda uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'yanta nawa ta fara ƙirga daga na biyu. Haka aka yi mana, haka muka yi. Shekara nawa tana aiki a gidan nan ban taɓa sanin tana da namiji ba. Me zai sa in sani? Ta yi kunya yadda ake so.

Ni kuwa na miƙa mata tsamiya na ce ta haifo min namiji.

Sai kuma na tuna moɗar da ta faɗi ranar da Binta ta kira mai tsire. Ashe ba surukinta ba ne.

Abdurrahim ya ce, "Ban faɗi abin da ya kai ni ba. Na ce gaisuwa na zo."

Na ce, "Yau ka yi abin manaja."

Na san wani abu game da irin wannan shirun na Rahmatu. Ba shi na zauna rubutawa ba.

Litinin, 20 ga Maris, da azahar

Laifina ne da na gaya wa Uwani. Na ce ta riƙe a ciki, na manta cikin Uwani ba shi da ƙofa.

Rahmatu na shigowa Uwani ta yar da taɓarya ta rungume ta tana ihu. "Wayyo 'yar'uwa, ashe ɗanki ne! Ɗan cikinki! Kika bar mu muna ta shirme!" Binta ma ta fashe da kuka. Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga.

Rahmatu ta tsaya ƙiƙam kamar an kama ta da kayan sata. Ta zare jikinta a hankali. Ta ce, "Na bar tukunya a wuta." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Uwani ta ce, "To me na yi? Ba ta'aziyya na yi ba?"

Na ce, "Kin yi. Kin tuɓe ta a kasuwa, sannan kin yi."

Ta zauna tana share hawaye tana cewa ita dai da zuciya ɗaya ta yi. Na sani. Duk gidan nan da zuciya ɗaya muke ta yi mata ɓarna.

Talata

Ba ta zo ba.

Laraba, da yamma

Ba ta zo ba. Maimuna ta fara aiki. Da ta nufi turmin Rahmatu, Abdurrahim ya ce a'a, ta aika a ɗauko nata daga gida. Ya jawo na Rahmatu gefe ya rufe da buhu. Ban sa shi ba.

Alhamis, 23 ga Maris, da hantsi

Malam Dauda ya aiko da saƙo ta bakin mai kawo mana itace. Wai Rahmatu ta gode da zaman da aka yi, a nemi wata.

Da ana tsoron kar a kore ta, yanzu ita ke korar kanta. Ba za ta iya shigowa gidan da kowa zai dube ta da idon uwar mamaci ba, alhali ita ba ta ba kanta izinin zama uwar ba. In ta zauna a Badarawa kuwa, ga miji ba aiki, ga yara uku, ga azumi, ga bango huɗu.

Na tsinci gyaɗa rabin tire na zuba masu kyau cikin ruɓaɓɓu. Binta ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Asabar, 25 ga Maris, bayan la'asar

Na sa Abdurrahim ya goya ni a mashin zuwa Badarawa. Duk ramin da ke hanya sai da ya gaishe shi. Na ce in so kake ka ci gādo, ka sani tabarma biyu ce da buta.

Na same ta tana wanke kwanukan da na ga a wanke suke. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna nesa tana kallon yatsun ƙafarta. Tun a hanya nake juya abin da zan ce. In na ce ɗanki, na zama Uwani. In na yi shiru, na zama bango.

Na ce, "Rahmatu, ƙara na kawo."

Ta ɗago.

Na ce, "Tun da kika zo gidana me kike ce min?"

Ta ce, "Iya."

"To. In ni ce Iya, ke 'yata ce. Abin da 'yata ta haifa jikana ne. Jikana namiji kuwa kin san matsayinsa, mijina ne. Ashe ina da miji saurayi a Soba, kika ɓoye min, kika bar ni da wancan mai ramukan hanya. Aka yi ciwo ba a gaya min ba. Aka kai shi ba a gaya min ba. Ko gaisuwa ba wanda ya yi min. Haka ake yi?"

Ta mayar da kanta ƙasa.

Na ce, "Ke ba ruwanki, na san ke mai kunya ce, ba abin da ya shafe ki. Ni kuwa kaka ce, kunya ta ƙare min tun tuni. Ni zan faɗi sunansa. Sulaiman. Ko ba haka ba?"

Ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ba ta ɗago ba.

Na ce, "Jibi zan zauna karɓar gaisuwar mijina Sulaiman a zaurena. Ni tsohuwa ce, ba na iya zama ni kaɗai, bayana na ciwo, ina manta amsa. Ina neman wadda za ta taya ni zama, ta riƙa miƙo min ruwa. Ba aiki na kira ki ba. In kin ga dama."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da zan tafi ta riƙe min mayafi ta gyara min shi a kafaɗa, hannunta ya daɗe a wurin.

Maganar tsamiya na ce ta yafe min. Ta ce, "Ai ba ki sani ba, Iya." Na ce shi ne laifin.

Lahadi, bayan azahar

Abdurrahim ya ce, "Tsohuwa, malamai sun ce ta'aziyya kwana uku ce. An kusa wata."

Na ce, "Kwana uku daga ranar da mutum ya ji. Ni ban daɗe da ji ba. Kuma ba kiɗa zan yi ba, addu'a za a yi wa yaro. Wane malami ne ya hana?"

Ya ce, "Aikin fa?"

Na ce, "Zaure nawa, tsakar gida taku. Hannu biyu gare ka kamar kowa. Taɓarya ba ta tambayar satifiket."

Ya dube ni ya dubi tafin hannunsa. Ya ce, "Allah ya sa ta zo."

Na ja kunnen Uwani da Binta. Ba runguma, ba ihu, ba ɗanki. Ni za a gaisar. Wanda ya ga dama ya juya ya ce da ita, ya muka ji da haƙuri, shi ke nan. Uwani ta ce za ta ɗinke bakinta. Na ce a nemo zaren buhu.

Litinin, 27 ga Maris, bayan la'asar

Ta zo.

Na shimfiɗa tabarma tun da safe, na zauna da carbi ina jin kaina kamar mahaukaciya. Rana ta ɗaga, ba kowa. Can sai ga ta da baƙin mayafi, ta yi sallama, ta zauna a bayana kaɗan, ta jawo butar ruwa kusa da ita.

Abdurrahim ya riga ya baza labari wurin masu saye. Mata suna shigowa, maza suna tsayawa daga bakin zaure. Tsoho Labaran mai itace ya fara zuwa, ya ce, "Iya, wai mijinki ya rasu? Ni ina ce tun zamanin sulalla muka kai Malam?"

Na ce, "Wancan tsohon ne. Wannan sabo ne, jikana Sulaiman."

Ya ce, "Allahu akbar. Yaro?"

Na ce, "Saurayi."

Ya cire hula ya mayar, ya ɗaga hannu. Daga nan aka yi ta zuwa. Masu ƙosai, matan layinmu, matar liman. Kowa ya ce ya haƙuri, in ce da godiya. Kowa ya ce Allah ya jiƙan Sulaiman. Sunan da bai taɓa zagaya gidan nan ba yau ya cika zaure. A bayana ina jin amin ƙasa-ƙasa, kamar numfashi.

Daga tsakar gida kuma ina jin Uwani tana koya wa manaja juya ƙulli. "Ba tuƙin mota ba ne, ranka ya daɗe! Daga ƙugu ake yi!"

Talata, da yamma

Mai tsire ya zo. Ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "Iya, ashe takwarana ne." Ya yi addu'a doguwa, irin ta wanda ya yi karatun allo da gaske. Ya roƙa masa sanyin kabari. Ya roƙa wa waɗanda suka rene shi haƙuri. Sannan ya ce, "Wadda ta ɗauki cikinsa, ta haife shi, ta shayar da shi, duk inda take, Allah ka dube ta, ka sanyaya mata."

Bai san ita ce ke zaune a bayana ba. Ko ya sani, ban tambaye shi ba.

Amin ɗin bai fito ba. Sai na ji goshinta a bayana, tsakanin kafaɗuna. Ta yi kuka irin wanda ba shi da sauti sai girgiza. Na ce wa matan da ke wurin, "Ku bar ta, tausayina take ji." Suka ce Allah sarki, suka kau da kai. Matan unguwar nan sun san abin da suke yi in sun ga dama.

Ni ma na yi kukan. Ban san ina da sauran wannan ruwan ba. Abdurrahim ya leƙo da taɓarya a hannu, da goshin nan nasa irin na ubansa, wanda ni ma ban taɓa faɗin sunansa ba, na ce ya koma bakin aikinsa.

Laraba

An rufe zaman gaisuwa da waina aka raba wa yara. Uwani ce ta soya. Ba ta ce uffan ba wuni guda, har na fara tsoron ko ba ta da lafiya.

Alhamis, 30 ga Maris, bayan azahar

Na naɗe tabarmar gaisuwa. Na ce da Rahmatu idona ya fara gaza tsintar gyaɗa, jiya ma na kusa aika tsakuwa inji. Ko za ta zauna kusa da ni ta riƙa tsinta, ta riƙa duba suya? Abdurrahim ya ce daga tsaye, yana kallon wani wuri, "Sallama ɗaya ce da ta turmi. Ranar da kika ji ba za ki iya fitowa ba, ki aiko kawai. Turmin kuma ba mai taɓa shi."

Ta ce, "Mutane za su ce ana ba ni a banza."

Ya buɗe mata tafin hannunsa, duk ya yi ƙulu-ƙulu ya faffashe. Ya ce, "Ni ake ba a banza. Tambayi Uwani."

Uwani ta ce, "Man da ya matsa jiya ko fitila ba zai kunna ba."

Muna tsinta, ba na tambaya, sai ta fara magana tana kallon tire. Ta ce a Soba yayarta aka zaunar a ɗaki, ita ake wa gaisuwa, kuma daidai ne, ita ta yi wahalarsa. Ita kuwa tana madafa tana tuƙa wa baƙi tuwo. Mutane su wuce ta su ce sannu da aiki. Ta ce yaron Yaya yake ce mata. Ta ce da Babbar Sallah ya rako ta tasha ya riƙe mata ƙullin kaya, tana so ta dube shi da kyau, mutane na wurin, sai ta dubi motar.

Na ture mata wata gyaɗar.

Asabar, 1 ga Afrilu

Ba ta zo ba, ta aiko. Ba wanda ya ce komai.

Litinin, da hantsi

Ta zo. Ta ci ɗanwake rabi. Ta ƙona kasko ɗaya na gyaɗa, Binta ta kwashe ta zuba wa kaji ba tare da ta kira kowa ba. An kai wa masu ƙosai kason farko, sun ce saura. Maimuna za ta zauna har bayan Sallah. Manaja ya ce in aka ci gaba a haka za a fita kunya, da ƙyar.

Talata, 4 ga Afrilu, bayan la'asar

Ana ta maganar ganin wata jibi ko gata.

Yau muna zaune ana murza ƙuli, Uwani ta gaji da zama mutumiyar kirki. Ta ce, "Iya, wai mijin nan naki da kika tara mana jama'a a kansa, ko kyau gare shi? Don na san zaɓen Zazzagawa."

Na saci kallon Rahmatu. Na ce, "Ya fi duk mazan Kano. Dogo, fari, hanci har baka."

Rahmatu ba ta ɗago daga tire ba. Ta ce, "Baƙi ne. Kuma kunnuwa gare shi, Iya. Kamar faifai. In ya sa hula sai su tokare ta."

Sai ita da kanta ta yi dariya, gajeriya, ta toshe baki da bayan hannu, hawaye na zuba, dariyar ba ta tsaya ba. Na ce, "To a haka nake son abina." Uwani ta ce dama ta faɗa.

Da za a tashi ta je ta sami Abdurrahim da kanta, ba ta aike ni ba. Ta ce in azumi ya yi kwana biyu aiki ya lafa, tana son a ba ta dama ta je Soba. Ta ce yayarta tana can ita kaɗai a ɗaki da kayan yaron, kowa ya watse. Ta ce, "Kwana biyu zan yi in dawo bakin aikina."

Ya ce, "Allah ya kai mu. Ki gaishe ta."

Na ce ai da ni za a je, ba za a yi min na biyu ba. Sai na ga inda aka kwantar da mijina, in kuma gode wa wadda ta rena min shi.

Rahmatu ta dube ni tun daga kai har ƙafa, tana yafa mayafi. Ta ce, "To ki shirya, Iya. Daga bakin titi akwai tafiya, kuma ni ba zan goya ki ba."